Me Ya Sa Garkuwar Jiki Take Ƙyale Ciwon Dajin Hanta, Kuma Me Sabon Magani Yake Iya Yi?

Tambaya: Likita, ni malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare a nan Zariya. Yayana mai shekara 44 ya daɗe yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kwanan nan kuma hoton ciki ya nuna ƙari a hantarsa, likitoci suka tabbatar mana cewa ciwon daji ne. Ina koya wa ɗalibaina cewa garkuwar jiki tana kashe duk ƙwayar da ta ɓaci, to me ya hana tasa yin haka? Mun ji labarin wani magani da ake kira imunoterafi, ga kuma masu tallar kayan ƙara ƙarfin garkuwa suna ta sallama a gida. Shin abu ɗaya ne, kuma zai yi masa amfani?

Amsa: Malama, Allah Ya ba yayanki lafiya, Ya sa jinyar ta zama kaffara, ku kuma Ya ba ku ladan ɗawainiya. Abin da kike koya wa ɗalibanki daidai ne, domin a jikin kowannenmu akwai ƙwayoyin tsaro da ke bin sawun duk ƙwayar da ta ɓaci su hallaka ta tun kafin ta zama ƙari. Amma a wajen yayanki matsalar ba ta ƙarancin waɗannan ƙwayoyi ba ce. Abin da ya faru shi ne, a wuri guda, wato cikin ƙarin da kewayensa, an hana su aiki, kuma hantar ce da kanta ta share wa ciwon fagen yin hakan. Tun da ke malamar kimiyya ce, zan bi da ke ta hanya mai ɗan tsawo, saboda sai an fahimci yadda hanin ya faru kafin a san abin da sabon maganin zai iya da wanda ba zai iya ba.

Hanta tana karɓar jini kimanin lita ɗaya da rabi a kowane minti, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na wannan jini daga hanji da saifa yake zuwa, ɗauke da abincin da aka narkar, da magungunan da aka sha, da ɓurɓushin bakteriyar da ke zaune a hanjin kowane mai lafiya. Duk waɗannan baƙi ne a wajen garkuwar jiki. Ki dubi Ƙofar Doka da safiyar ranar aiki, da a ce za a tare kowane mai wucewa a tayar masa da rigima, da garin ya tsaya cak, ƙofar ma da ta rushe. Saboda haka aka halicci hanta da haƙuri. Ƙwayoyin Kupffer, waɗanda su ne mafi yawan ƙwayoyin haɗiye datti da ke zaune dindindin a cikin sassan jiki, suna haɗiye bakteriya ba tare da sun yi kururuwa ba, har ma sukan saki wani sinadari mai suna IL-10 da ke kwantar da sauran ƙwayoyin tsaro. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon ƙananan hanyoyin jinin hanta kuma suna nuna wa ƙwayoyin T, wato ƙwayoyin tsaron da ke kai hari, alamomin baƙin abubuwa, amma ba sa ba su izinin kai hari, don haka ƙwayar T da ta ga alama a nan sau da yawa sai ta yi sanyi, ko ta mutu, ko ta rikiɗe ta koma mai hana wasu faɗa. Tun a 1969 Roy Calne da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa ana iya dasa wa alade hantar wani aladen ta zauna lafiya ba tare da maganin danne garkuwa ba, alhali ƙoda ko fata idan aka dasa su haka jiki watsi yake yi da su.

Wannan haƙuri shi ne ƙofar da bairos ɗin ciwon hanta nau'in B yake shiga. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, a cikin goma kusan tara suna zama da cutar har girma, yayin da babban mutum idan ya kamu, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zaunar wa. A Afirka ta Yamma mafi yawan masu ɗauke da ita tun suna yara suka samu. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, ke nan maganar miliyoyin mutane ake yi. Bairos ɗin da kansa ba ya cika kashe ƙwayoyin hanta, yunƙurin da garkuwa take yi na kawar da shi ne yake raunata su. Idan aka shekara talatin ko arba'in ana wannan yunƙuri ba a ci nasara ba, abubuwa biyu suke faruwa tare. Hanta tana ta rauni tana warkewa da tabo har ta ƙandare, kuma kowace warkewa dama ce ta samun kuskure a ƙwayoyin gado. Su kuma ƙwayoyin T da suka daɗe suna kallon alama ɗaya ba hutu sai su gaji, su ɗora wa kansu wasu furotin na takunkumi irin su PD-1 da TIM-3 da LAG-3, su rage kisa, su rage hayayyafa. Ga shi kuma wannan bairos yana iya cusa wani yanki na gadonsa a cikin gadon ƙwayar hanta, shi ya sa yake haifar da ciwon daji ko da hanta ba ta kai ga ƙandarewa ba, kuma shi ya sa muke ganin ciwon a jikin magidanta masu ƙananan shekaru irin yayanki.

A ƙasarmu akwai abu na biyu da yake haɗa kai da bairos ɗin, wato gubar afilatoksin da funfuna ke samarwa a jikin gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Tana lalata ƙwayar gado mai suna TP53 a wani gurbi sananne, gurbi na 249, kuma aikin TP53 shi ne tsayar da ƙwayar da ta ɓaci. Wanda ya haɗa bairos da wannan guba, haɗarinsa ya ninka na wanda yake da ɗaya kawai nesa ba kusa ba.

To, a irin wannan hanta ce, mai haƙuri tun asali kuma mai gajiyayyun ƙwayoyin tsaro, ƙarin yake tsirowa. Abin da na fi so ki riƙe shi ne, ƙari ba tarin ƙwayoyin daji ne zalla ba. Idan aka yanko shi aka duba a madubin ɗakin gwaji, za a tarar da jijiyoyin jini, da zaruruwan tabo, da ɗimbin ƙwayoyin garkuwar jikin mai shi, kuma da yawa daga cikinsu ƙarin suke yi wa aiki. Wannan haɗaka ce ake nufi da muhallin ƙari. A cikinsa akwai ƙwayoyin T masu kwantar da tarzoma, waɗanda ake taƙaita sunansu da Treg. Aikinsu na asali mai kyau ne, su ne suke hana garkuwa far wa jikin mai ita, kuma a kan gano su da yadda suke aiki aka ba Shimon Sakaguchi da Mary Brunkow da Fred Ramsdell kyautar Nobel ta 2025. Ƙarin hanta yana kiran su da yawa, kuma an sha nunawa cewa idan suka rinjayi ƙwayoyin T masu kisa a cikin ƙari, ciwon ya fi saurin dawowa bayan tiyata. Akwai kuma wasu ƙwayoyi da ɓargo ke sakowa ba su gama nuna ba, waɗanda suke cinye sinadarin arjinin da ƙwayar T take buƙata kafin ta hayayyafa, kamar yadda wani enzayim mai suna IDO yake cinye tiriftofan. Ƙwayoyin haɗiye datti, waɗanda ya kamata su kai ƙara, ƙarin yana juya su su koma masu gyara masa hanya da ƙera masa sababbin jijiyoyi. Ƙwayoyin da ke saƙa tabo suna zuba sinadarin TGF-beta, suna kuma gina katangar zare a gefen ƙarin, ta yadda a wasu hotunan za ki ga ƙwayoyin T sun yi cincirindo a bakin iyaka ba su samu shiga ba. Wadda ta kutsa ta shiga kuma sai ta tarar da wuri mai ƙarancin iskar oksijin, wanda ƙwayoyin daji suka wawashe sukarinsa suka cika shi da tsamin laktet da sinadarin adinosin, dukansu masu sa ƙwayar T kasala ne.

Akwai sinadari ɗaya da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya buɗe hanyar maganin da ya fi tasiri a yau, wato VEGF. Ciwon dajin hanta ciwo ne mai son jini ƙwarai, har ma ta yadda yake zuƙar ruwan da ake sa wa mutum ta jijiya domin ɗaukar hoto da sauri ya sake shi da sauri likitoci kan gane shi a hoton CT ko MRI ba tare da an tsago nama ba, idan hantar mai ƙandarewa ce. VEGF ne yake sa a ƙera masa waɗannan jijiyoyi. An daɗe ana ɗauka iyakar aikinsa ke nan, sai daga baya aka gane cewa shi ma babban mai danne garkuwa ne. Jijiyoyin da yake ƙerawa karkatattu ne masu yoyo, kuma bangonsu ba ya barin ƙwayar T ta manne ta ratsa zuwa cikin ƙari. Yana hana ƙwayoyin dendiritik girma, alhali su ne masu ɗaukar samfurin ƙwayar daji su kai wa ƙwayoyin T domin su san wanda za su nema. Yana kuma ƙara yawan Treg da ƙwayoyin ɓargon nan da na ambata. Don haka wanda ya toshe VEGF bai tsaya ga yanke wa ƙari abinci ba, ya buɗe wa garkuwa hanya ne.

Ba duk ƙarin hanta ne iri ɗaya ba a wannan fuska. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya gano cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suke cike da ƙwayoyin tsaro. A wasu kuwa kusan babu su sam, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ɓacin hanyar saƙo ta beta-katenin, wanda ake samu a kusan kashi 30 cikin 100 na masu ciwon. Gwajin da aka yi a jikin ɓeraye a 2019 ya nuna cewa idan wannan hanya ta kunnu, ƙari yana daina sakin sinadarin da ke kiran ƙwayoyin dendiritik, sai ya zamana babu mai kai rahoto, babu kuma mai zuwa.

Yanzu sai maganin. Takunkumi biyu ne aka fi sani. CTLA-4 yana aiki tun da wuri, a ƙullutan nan da idan sun kumbura muke cewa kaluluwa, inda ake horar da ƙwayoyin T. PD-1 kuma yana aiki a fagen daga, domin idan ya haɗu da abokinsa PD-L1 a jikin ƙwayar daji ko ƙwayar Kupffer, ƙwayar T tana janyewa. Tasuku Honjo ne ya gano PD-1 a Japan a 1992, James Allison kuma a Amurka ya nuna a 1996 cewa toshe CTLA-4 yana sa ɓeraye su kawar da ƙari, kuma su biyun suka raba kyautar Nobel ta 2018. Magungunan imunoterafi da ake magana a kansu antibodi ne, wato wani irin furotin na garkuwa, da aka ƙera domin su shiga tsakanin waɗannan furotin su hana su haɗuwa. Ba sa kashe ƙwayar daji ko ɗaya da kansu. Ana ba da su ta ƙarin ruwa duk bayan mako uku ko huɗu, kuma duk aikin da za a gani ƙwayoyin T na marar lafiyar ne suka yi shi. Daga nan za ki iya hango iyakarsu da kanki, inda ƙwayar T ba ta shiga ba, ko gajiyarta ta wuce a farfaɗo da ita, cire takunkumi kaɗai ba ya wadatarwa.

Haka kuwa aka gani. Daga 2007 har kusan shekara goma, ƙwayar sorafenib ce kaɗai maganin da aka tabbatar yana tsawaita ran wanda ciwonsa ya wuce tiyata, kuma a gwajin da ya kafa ta, rabin waɗanda suka sha sun wuce wata 10.7 a raye, yayin da rabin waɗanda ba su sha ba suka wuce wata 7.9 kawai. Da aka gwada toshe PD-1 shi kaɗai da nivolumab, ƙari ya ragu sosai a jikin kashi 15 zuwa 20 cikin 100, amma babban gwajin da ya kwatanta shi da sorafenib bai cika sharaɗin nasara ba. Canji ya zo a 2020 da gwajin IMbrave150, wanda ya ƙunshi mutum 501, inda aka haɗa atezolizumab mai toshe PD-L1 da bevacizumab mai toshe VEGF. Rabin waɗanda suka samu haɗin sun wuce wata 19.2, na sorafenib kuma wata 13.4, kuma ƙari ya ragu a jikin kashi 30 cikin 100 a maimakon 11. A 2022 gwajin HIMALAYA, mai mutum 1,171, ya kawo wata hanya, a ba da tremelimumab mai toshe CTLA-4 sau ɗaya tak, sannan a ci gaba da durvalumab duk wata. Tazararsa da sorafenib ba ta da yawa idan aka dubi lokacin da rabin mutanen suka wuce a raye, wata 16.4 da wata 13.8, amma da aka bi mutanen har shekara biyar, kashi 19.6 cikin 100 suna raye, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 9.4. A 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da haɗin nivolumab da ipilimumab mai toshe CTLA-4, wanda ya rage ƙari a jikin kashi 36 cikin 100.

A ganina, alƙaluman shekara biyar ɗin nan su ne suka fi nauyi, domin a da ba mu saba ganin mai irin wannan mataki na ciwon ya kai shekara biyar ba, yanzu kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ya kai a wancan gwaji. Amma amana ta sa in karanta miki su ta ɗaya fuskar. A haɗin atezolizumab da bevacizumab, mutum bakwai cikin goma ƙarinsu bai ragu a-zo-a-gani ba, ko da yake a jikin da yawansu ya tsaya na wani lokaci, kuma waɗanda ƙarin ya ɓace musu gaba ɗaya a hoto ba su kai ɗaya cikin goma ba. Har yanzu kuma babu gwajin jini ko na nama da aka amince da shi wanda zai nuna tun farko wa zai amfana, auna PD-L1 da ke taimakawa a ciwon dajin huhu bai zama abin dogaro a hanta ba. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa waɗanda kitsen hanta ya jawo musu ciwon ƙila ba sa amfana kamar masu bairos, kuma masana suna jayayya a kan haka har gobe. Abin da ya shafi yayanki shi ne, masu nau'in B suna cikin waɗanda suka amfana a manyan gwaje-gwajen.

Sai dai akwai sharaɗin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma shi ne inda mutanenmu suka fi faɗuwa. Kusan duk wanda aka shigar a gwaje-gwajen nan hantarsa tana da sauran ƙarfi, abin da likitoci ke kira matakin A a ma'aunin Child-Pugh, kuma yana iya tashi ya yi hidimar kansa. Ma'aunin yana duba abubuwa biyar, sinadarin da ke kawo shawara, furotin albumin, saurin daskarewar jini, taruwar ruwa a ciki, da rikicewar hankali. Wanda idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya cika da ruwa, ya kwanta sai an tayar, gazawar hanta ce take barazana ga ransa kafin ƙarin, kuma farkar da garkuwa a cikin irin wannan hanta ba ya dawo da abin da ya lalace. Wani bincike da ya tattara marasa lafiya daga ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, wanda aka wallafa a 2017, ya gano cewa a sauran ƙasashen, ban da Masar, matsakaicin shekarun masu ciwon 46 ne, rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano shi, kuma kashi 3 cikin 100 ne kawai suka samu wani magani da ya tunkari ciwon kansa. Wannan ya yi daidai da abin da muke gani a ɗakunan jinya, kuma yana ci mini rai, domin mutum yakan shafe watanni ana yi masa maganin olsa da taifot da shawara kafin wani ya tuna a ɗauki hoton hanta. Ya kamata ki san kuma cewa a Asiya da Turai da Amurka aka yi mafi yawan gwaje-gwajen, mutanen yankinmu masu haɗin bairos da afilatoksin ba su da wakilci mai yawa a cikinsu.

Saboda haka tambayoyin da za ku yi wa likitansa su ne, wane mataki hantarsa take, ƙari nawa ne kuma mene ne girmansu, sun shiga babbar jijiyar hanta ko sun fita waje. Idan ƙarin ɗaya ne ƙarami kuma hanta tana da ƙarfi, tiyata ko ƙone shi da allurar zafi sun fi imunoterafi, domin su ne suke iya warkarwa. Idan suna da yawa amma ba su bar hanta ba, ana iya bi ta jijiya a toshe musu jini. Idan kuma ana tunanin dashen hanta a waje, kada a fara waɗannan magunguna sai da sanin masu dashen, domin garkuwar da aka farkar tana iya far wa sabuwar hantar. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika akwai likitocin hanta da na tiyata da na ciwon daji, kuma shawara irin wannan ta fi kyau idan sun yanke ta tare.

Idan ya cancanta, akwai shirin da ba a tsallakewa. Dole ya kasance yana shan maganin danne bairos ɗin nau'in B, wato tenofovir ko entecavir, kullum, domin bairos ɗin yana iya tashi a tsakiyar magani ya ƙarasa hantar. Kafin bevacizumab dole a leƙa maƙogwaro da tumbi da na'ura, saboda ƙandararriyar hanta tana kumbura jijiyoyin wurin, shi kuma maganin yana ƙara haɗarin su fashe mutum ya yi aman jini, idan an same su sai a ɗaure su tukuna ko a zaɓi haɗin da babu bevacizumab. Yana kuma iya tayar da hawan jini ya sa furotin ya zuba a fitsari. Illar masu cire takunkumi kuwa daga yanayin aikinsu take fitowa, garkuwar da aka saki tana iya taɓa fata, da hanji, da huhu, da halittar tayirod da ke wuya, da hantar kanta. Ina jaddada wannan ne saboda al'adarmu, wanda ya fara gudawa ko tari ko kasala yakan nufi kemis a ba shi maganin taifot ko na maleriya. Ga mai karɓar wannan magani, gudawar da ta ƙaru a kan yadda ya saba, ko sarƙewar numfashi, ko sabuwar shawara, dalili ne na komawa asibiti a ranar, domin sau da yawa sitiroyid, mai kwantar da garkuwa, ne maganinsu, kuma jinkiri yana iya kai wa ga rasa rai.

Maganar kuɗi ma ba abin ɓoyewa ba ce. Kowane zagaye miliyoyin naira ake magana, kuma ba sau ɗaya ake yi ba, ana ci gaba ne muddin yana aiki. Kada a sayar da gida ko gona kafin a samu amsar matakin hantarsa, kuma a lissafa kuɗin watanni, ba na zagayen farko kaɗai ba. Magunguna ne da ake ajiyewa a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ko a Amurka an taɓa kama jabun bevacizumab a 2012, don haka ta hannun sashen magunguna na asibiti za a same su, ba ta hannun dillali ba. Idan ba su samu ba, ƙwayoyin sorafenib ko lenvatinib suna nan, amfaninsu tabbatacce ne ko da bai kai na haɗin ba. Idan kuma hantar ta wuce ɗaukar kowannensu, kulawa ba ta ƙare ba, akwai maganin zafi mai ƙarfi har da mofin, da zuƙe ruwan ciki, da maganin ƙaiƙayi da na rikicewar hankali, kuma haƙƙinsa ne a ba shi su.

Game da masu sallama da kwalabe da garin magani, abin da suke sayarwa ba shi da alaƙa da abin da na bayyana. Babu ɗaya daga cikinsu da aka nuna yana raba PD-1 da PD-L1, ko yana gyara jijiyoyin ƙari, ko yana tsawaita ran mai ciwon dajin hanta. Abinci mai kyau da zuma da addu'a ba ni da ja a kansu, ina ma ƙarfafa su, kuma kada a hana shi nama ko ƙwai ko wake da sunan hutar da hanta, domin zubewar tsoka tana cutar da shi. Amma jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ƙwayoyin da ba a san haɗinsu ba, duk ta hantar nan mai rauni za su bi, kuma kaɗan daga cikinsu ya isa ya sauko da shi daga matakin A zuwa matakin B na ma'aunin Child-Pugh, ya rufe masa ƙofar maganin da kuke nema. Haka ma diclofenac da ibuprofen, a nisanta shi da su saboda jini da ƙoda.

Abu na ƙarshe ya shafe ki kai tsaye. Tun da mafi yawan masu nau'in B a yara suka kamu, kuma a cikin gida ɗaya, ke da sauran 'yan'uwanku da mahaifiyarku idan tana raye, da matarsa da 'ya'yansa, kowa ya yi gwajin HBsAg, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum yana ɗauke da bairos ɗin. Wanda ba shi da cutar a yi masa rigakafi allura uku. Sai a 2004 rigakafin ya shiga cikin na yara a Najeriya, don haka duk wanda aka haifa kafin nan kada ya ɗauka an yi masa. Jaririn da za a haifa a gidan a yi masa allurar farko cikin awa 24, kuma mai juna biyun da bairos ya yi yawa a jininta ana ba ta tenofovir domin kare abin da ke cikinta. Wanda aka samu yana ɗauke da cutar, a auna yawan bairos da lafiyar hantarsa a ga ko lokacin fara magani ya yi, sannan ya riƙa yin hoton hanta tare da gwajin AFP, wato gwajin jinin da ke taimakawa wajen gano ciwon dajin hanta, duk bayan wata shida ko da ba ya jin komai. Ga wanda ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon dajin hanta, ba a jiran ya kai wasu shekaru kafin a fara wannan bibiya.